Nazarin Lamari: Motsa Jiki Daga Shigar Ciki Zuwa Shekara Guda Bayan Haihuwa

Yadda take kafin ta samu ciki

Matar da wannan bayani ya shafa tana da shekara 31 lokacin da ta samu cikinta na biyu, kuma aikin ofis take yi, wanda ke zaunar da ita a kan kujera kusan awa takwas a kowace ranar aiki. Tsawonta mita 1.64 ne, nauyinta kilo 66, wato idan aka auna nauyin da tsawon ana samun 24.5, a bakin iyakar abin da likitoci ke ɗauka nauyi daidai, wanda ya tashi daga 18.5 zuwa 24.9. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga, ba ta kuma shan wani magani na yau da kullum. Ta shafe shekara huɗu tana fita sassarfa sau uku a mako, tana cin kilomita biyar a cikin minti 32, agogon hannunta kuma yana ƙirga mata taku wajen 8,000 a yini.

Cikinta na farko ya zube a mako na tara, shekara ɗaya da rabi kafin wannan. Kwana biyu kafin jinin ya ɓalle mata ta fita gudu kamar yadda ta saba, saboda haka ta ɗora wa gudun laifi, ba a kuma samu wanda ya zauna ya warware mata wannan zargi ba. Da shi ta shiga ciki na biyu.

Mako na 6 zuwa na 16: kwanciya

Ranar da gwaji ya tabbatar da cikin ta ajiye takalman gudunta. Ta daina hawa matakala idan akwai wata hanyar, ta daina ɗaga duk abin da ya fi jakar hannu nauyi, idan ta dawo daga aiki kuma sai gado. Laulayi ya ƙara ɗaure wa wannan hali gindi, domin tashin zuciya da kasala sun riƙe ta har zuwa mako na 13. Bayan laulayin ya lafa ma ba ta sauya ba. Takun da agogonta ke ƙirgawa ya sauka ƙasa da 2,000 a yini, ya kuma zauna a haka tsawon mako goma.

A mako na 16 nauyinta ya kai kilo 70.5. Tana fama da ciwon baya da taurin bahaya, barcinta ya zama guntu-guntu, kuma hawa ɗaya na bene yana sa ta haki. Ita dai ta ɗauki hakin a matsayin shaidar cewa jikinta na neman ƙarin hutu. A wajen awon ciki ungozoma ta tambaye ta yadda take tafiyar da yininta, ta kuma tura ta gwajin jini, inda aka samu sinadarin himogulobin ɗinta giram 9.8 a kowace desilita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ɗaukar abin da ya gaza 11 a matsayin ƙarancin jini ga mai ciki. Ashe hakin nata tushe biyu gare shi, ƙarancin jini da mutuwar jiki ta dalilin zama, ga kuma sauyin da ciki ke kawowa da kansa: yawan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, ruwan jinin yana riga jajayen ƙwayoyin ƙaruwa, bugun zuciya kuma yana hawa da 10 zuwa 20 a minti ko tana zaune.

Likitan da ya duba ta ya ɗauki lokaci a kan maganar ɓarin farko. Ya bayyana mata cewa kusan rabin ɓarin da ke aukuwa a watanni uku na farko daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun daga haɗuwarsu, cewa kwanciya ba ta hana irin wannan ɓari, kuma mai ciki ta ninka wadda ba ta da ciki sau huɗu zuwa biyar wajen haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, haɗarin da doguwar kwanciya ke ƙarawa. An yi hoton ciki, aka ga mabiyiya tana sama, bakin mahaifa a rufe, ɗa guda ne, babu zubar jini, hawan jininta kuma daidai. Ba a samu ko ɗaya daga cikin dalilan da ke sa a hana mai ciki motsa jiki ba. Aka rubuta mata maganin ƙarin jini, aka ce ta fara tattaki.

Mako na 17 zuwa na 27: komawa tattaki

Abin da aka sa mata a gaba shi ne shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wadda ta ce mai ciki da mai jego da ba su da wata matsala su riƙa samun aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka. Ba a ce ta kai wannan adadi a makon farko ba. Ta fara da minti 10 sau biyu a yini, tana ƙara minti biyar duk mako, sai a mako na 22 ta kai minti 30 kwana biyar a mako.

Matsalar farko daga agogon hannun ta taso. Ta saba auna ƙoƙarinta da bugun zuciya, ga shi yanzu bugun yana hawa tun kafin ta yi nisa, sai ta riƙa tsayawa a tsorace. Ungozoma ta ce ta bar kallon agogon ta koma gwajin magana: idan tana tafiya tana iya yin cikakkiyar jimla ba tare da numfashi ya yanke mata ba, to tana daidai, idan kuwa kalma biyu uku take iya fitarwa sai ta ja numfashi, ta rage sauri. An kuma lissafa mata alamomin da za su sa ta tsaya nan take ta nemi asibiti, wato zubar jini, zubar ruwa, ciwon mara mai zuwa yana dawowa a kan tsari, ciwon ƙirji, jiri, ciwon kai mai tsanani, haki tun kafin ta fara motsi, da ciwo ko kumburi a bayan ƙwauri ɗaya. Sanin waɗannan alamomi dalla-dalla ya kwantar mata da hankali fiye da duk wani lallashi da aka yi mata a baya, domin yanzu ta san abin da take tsaro.

Sau biyu a mako ta ƙara da atisayen ƙarfi na minti 15: tsugunno da miƙewa a gaban kujera, tura bango da hannuwa, da jan igiyar roba don tsokokin baya. An hana ta atisayen da ake yi a kwance rigingine na dogon lokaci, saboda nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. An kuma ce ta guji motsa jiki cikin tsananin zafi da duk wasan da ake faɗuwa ko karo a cikinsa, ta riƙa shan ruwa kafin fita da bayan dawowa. A nan ne kuma aka miƙa mata takarda mai bayanin matse tsokokin ƙasan ƙugu, atisayen da ake kira da sunan likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel, wanda ya wallafa bayaninsa a 1948. Ta karanta takardar ta fara yi kullum. Babu wanda ya duba ko daidai take yi.

A mako na 24 himogulobin ɗinta ya hau zuwa 11.2, ciwon bayan ya ragu, bahaya ya daidaita. A mako na 26 aka yi mata gwajin suga wanda ake shan ruwa mai suga giram 75 a auna jini, sakamakon ya fito 4.8 kafin sha, 9.1 bayan awa ɗaya, 7.6 bayan awa biyu, duka ƙasa da iyakokin 5.1 da 10.0 da 8.5 da ake yanke hukuncin ciwon sugan ciki da su. Ta tambaya ko za ta koma sassarfa. Aka ce da ba ta daina ba tun farko da za ta iya ci gaba gwargwadon jin daɗin jikinta, amma bayan wata huɗu ba gudu, ga ciki ya fito, gara ta zauna a kan tattaki.

Mako na 28 zuwa haihuwa

A mako na 29 wani ciwo ya kama ta a gaban ƙashin ƙugu, yana tsananta idan ta juya a gado, ko ta hau matakala, ko ta tsaya da ƙafa ɗaya tana sa tufafi. Irin wannan ciwo yana samun kusan mace ɗaya cikin biyar masu ciki. Ta dakatar da komai na kwana tara tana jiran ya wuce, bai wuce ba, sai ma gaɓoɓinta suka ƙara sandarewa. Da aka duba ta aka raba mata tattakin minti 30 gida uku, aka ce ta rage faɗin taku, ta riƙa haɗe gwiwoyi idan za ta juya ko za ta sauko daga gado, ta zauna kafin ta sa tufafi, aka kuma ba ta ɗamarar ƙugu. Kwana biyu a mako ta musanya tattaki da tafiya cikin ruwa a wurin ninƙaya, inda ruwan ke ɗauke mata nauyin. Ciwon bai rabu da ita ba har ta haihu, amma ya sauka zuwa wanda take iya yini da shi, kuma ta riƙe minti 100 zuwa 120 a mako har zuwa mako na 38.

Nauyinta a awon ƙarshe kilo 81 ne, ƙarin kilo 15, wanda ke cikin kilo 11.5 zuwa 16 da ma'aunin da aka fitar a Amurka a 2009 ya ware wa mai irin nauyinta.

Haihuwa da makonni shida na farko

Ta haihu da kanta a mako na 39, jariri mai kilo 3.4, bayan ta yi kusan awa ɗaya da rabi tana yunƙuri. Ta samu tsagewa mataki na biyu, wadda ta taɓa tsoka, aka yi mata ɗinki. Washegari ta fara takawa a cikin ɗaki, daga mako na biyu kuma tana fita minti 10. Sau ɗaya, a rana ta 12, ta yi tafiyar minti 40, jinin haihuwa da ya fara dusashewa ya dawo ja, sai ta rage, ya koma yadda yake. A mako na shida aka duba ta aka ce ɗinki ya warke, mahaifa ta koma mazauninta, hawan jini daidai, tana iya komawa harkokinta. Nauyinta a ranar kilo 73.5 ne. Ba a tambaye ta irin motsa jikin da take nufin komawa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Mako na 7 zuwa na 9: yunƙurin da ya ci tura

Ta ɗauki maganar asibiti a matsayin izinin komawa yadda take kafin ciki, ta kuma sa wa kanta wa'adin wata biyu ta sauka kilo 66. Ta fara sassarfar kilomita uku sau uku a mako, da atisayen tashi daga kwance guda 50 kowace safiya don ta janye tumbi, ta kuma yanke abincinta da kusan rabi alhali nono zalla take ba jaririn, abin da ke cin wajen kalori 500 a yini.

A fita ta biyu fitsari ya kufce mata tana cikin gudu. Ta sa ƙunzugu ta ci gaba, tana ganin abin zai wuce da kansa. A mako na takwas ta fara jin nauyi a gabanta da yamma, kamar wani abu yana son saukowa, kuma idan ta tashi daga kwance tana ganin tsakiyar cikinta yana tasowa kamar tudu daga cibiya zuwa sama. Ciwon baya ya dawo. Da barcin awa huɗu zuwa biyar a gutsure da kuma ƙarancin abinci, sai jiri ya riƙa ɗibarta idan ta miƙe. Duk abin da ta rage a makonni ukun kilo ɗaya da rabi ne. Ranar da atishawa kaɗai ta jiƙa mata tufafi tana riƙe da jaririn ta daina gudun, ta nemi a tura ta wajen likitar fisiyo, wato mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, mai kula da lafiyar mata.

Mako na 10 zuwa wata na 6: sake farawa daga tushe

Binciken likitar ya nuna abu uku. Tsokokin ciki biyu da ke sauka daga ƙirji zuwa mara sun rabu da faɗin yatsa uku a saman cibiya, fatar jijiyar da ke haɗa su kuma ta yi laushi, shi ya sa tsakiyar cikin ke tasowa idan ta yi yunƙuri. Ƙarfin tsokokin ƙasan ƙugunta 2 ne a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 5, kuma daƙiƙa uku kacal take iya riƙe matsi. Abu na uku shi ne wanda ya fi ba ta mamaki: atisayen da ta shafe wata biyar na ciki tana yi kullum, a juye take yin sa. Tana riƙe numfashi, ta matse cinyoyi da ɗuwawu, ta tura ƙasa kamar mai nishi, alhali abin da ake nema shi ne a matse a ja sama kamar mai tsayar da fitsari da tusa lokaci guda, ana numfashi yadda aka saba, sannan a saki gaba ɗaya.

Waɗannan tsokoki su ne shimfiɗar da ke riƙe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Sun ɗauki nauyin ciki wata tara, sannan sun miƙe matuƙa lokacin da kan jariri ke wucewa, kuma kowane taku na gudu yana sauke wa jiki ƙarfin da kan kai ninki biyu na nauyinsa, wani ɓangare yana isa gare su. Warkewar ɗinki a fata ba ta nuna sun dawo da ƙarfinsu. Wannan ne ya sa ƙa'idojin da wasu likitocin fisiyo na Birtaniya suka fitar a 2019 suka ce kada mai jego ta koma gudu kafin wata uku, kuma ko bayan nan sai ta tsallake wasu gwaje-gwaje.

Aka dakatar da gudu da atisayen tashi daga kwance, aka ce ta mayar da abincinta yadda yake. Aka sa ta a tsarin da hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta ba da shawara ga masu kufcewar fitsari, wato matsi aƙalla takwas sau uku a yini na tsawon wata uku ko fiye, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ta fara a kwance, bayan mako uku ta koma yi a zaune, daga baya a tsaye, ta kuma koyi matsewa kafin tari ko atishawa ko ɗaga jaririn. Ga tsokokin ciki aka koya mata fitar da numfashi a hankali tana jan ƙasan cibiya ciki, da tashi daga gado ta gefe. Tattaki ya koma minti 20, yana ƙaruwa. Don kada ta manta, ta haɗa matsin da lokutan shayarwa uku na rana.

Makonni huɗun farko ba ta ga wani sauyi ba, har ta so ta bari. A mako na 16 aka sake auna ta, ta riƙe daƙiƙa shida, ƙarfin ya hau 3, nauyin da take ji da yamma ya ɓace. Aka ƙara mata tsugunno, ɗaga ƙugu daga kwance, da hawa da sauka a matakala guda.

A wata na biyar ta koma aiki, jaririn kuma ya shiga tashin dare sau huɗu sau biyar. Tsarin ya watse na mako uku cur, matsin ma ba ta yi. Abin da ya dawo da ita shi ne daina neman rabin awa a dunƙule. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta riga ta cire sharaɗin da ke cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a ƙirga shi, don haka ta riƙa tara minti bakwai nan, minti goma can, da safe da lokacin hutun aiki da yamma tana tura keken jariri.

A mako na 24 aka yi mata gwajin komawa gudu: tafiyar minti 30, tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, tsugunno da ƙafa ɗaya sau 10 kowane ɓangare, sassarfa a wuri ɗaya minti ɗaya, da tsalle da ƙafa ɗaya sau 10. Ta yi duka ba ciwo, ba ɗigar fitsari, ba nauyi. Tana riƙe matsi daƙiƙa 10, ƙarfinta ya kai 4.

Wata na 6 zuwa na 12

Ta fara da gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu, sau shida, kwana biyu a mako, tana shayar da jaririn kafin ta fita, da rigar mama mai riƙewa sosai. Tana ƙara tsawon lokaci kafin ta ƙara sauri. A wata na tara ta ci kilomita biyar a minti 36 ba tsayawa, a wata na 12 kuma a minti 33. Nauyinta ya tsaya a kilo 68. Tazarar tsokokin ciki ta koma yatsa ɗaya da rabi, ba ta kuma tasowa. Nono bai ragu ba, girman yaron yana tafiya daidai a kowane awo.

Hukunci

Abubuwa biyu da suka ci tura, kwanciyar mako goma a farkon ciki da gudun mako na bakwai, ita ta yanke su ita kaɗai, amma duka biyun sun samu gurbi ne a inda bayanin asibiti ya tsaya. Da an warware mata dalilin ɓarin farko tun a lokacinsa, da wuya ta kwanta, kuma da an yi mata tambaya guda a awon mako na shida game da abin da take nufin yi, da an tare gudun kafin ta fara. A ganina wannan awo shi ne wurin da aka fi sakaci, domin ana duba ɗinki da mahaifa, ita kuwa mai jego tana jin an sallame ta ga komai.

Bai kamata a jingina wa tattaki kyakkyawan sakamakon gwajin suga ko haihuwa ba tare da tiyata ba, tunda mace guda ba ta isa hujja a kan haka, kuma raguwar hakin maganin ƙarin jini yana da kaso babba a ciki. Abin da lamarin ya nuna a fili shi ne bambancin atisaye iri ɗaya a hali biyu: wata biyar tana matsi daga takarda bai hana ta kufcewar fitsari ba, mako 14 bayan an sa hannu an gyara mata kuwa ƙarfin ya tashi daga 2 zuwa 4. Wani ɓangare na wannan ci gaba warkewar da lokaci ke kawowa ne, sai dai gudun da ta fara da wuri yana gaba da wannan warkewa, jerin da aka bi daga baya kuma, ƙasan ƙugu, tattaki, ƙarfi, sannan gudu, ya ba ta wuri. Wa'adin kilo 66 da ta sa wa kanta shi ne ma'aunin da ya fi kowane ɓatar da ita, domin shi ya haɗa mata gudu da yunwa a lokaci guda.

Har zuwa wata na 12 akwai saura. Idan mura ta kama ta tana tari da cikakkiyar mafitsara, ɗigo ɗaya ko biyu yana kufcewa, saboda haka likitar ta bar ta a kan matsi sau ɗaya a yini ba tare da ranar dainawa ba, ta kuma nemi ta dawo a sake auna ta kafin ta ɗauki wani cikin.